Martanin da ke kashe baki: yadda sojoji da shugabanni ke haɗa shi

Ranar 22 ga Disamba 1944 sojojin Jamus sun yi wa garin Bastogne na ƙasar Beljiyam zobe. A ciki akwai runduna ta 101 ta sojojin laima na Amurka, ga sanyin ƙanƙara, ga harsashi da magani suna neman ƙarewa. Sai Jamusawa suka turo mutum huɗu da farar tuta da takarda: ko ku miƙa wuya cikin awa biyu, ko mu murƙushe ku. Janar Anthony McAuliffe, mai riƙon rundunar, ya sa aka buga amsa, kalma ɗaya tal: “Nuts!” A bakin Amurkawa, kamar Bahaushe ya ce “Shirme!” ke nan. Kwana huɗu bayan haka dakarun Janar Patton suka fasa zoben, ba tare da an miƙa wuya ba.

In mutane suka ji irin wannan amsa sai su ce baiwa ce. Akwai baiwa a ciki, ba shakka. Amma in ka jera amsoshin da tarihi ya riƙe ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ƙira ɗaya za ka ga tana maimaituwa: daga bakin mai sukar aka ɗauko kayan haɗin, kalmomin kaɗan ne, maganar gaskiya ce, kuma akwai aiki a bayanta. Zagi ba ya cikin kayan haɗin. Mai zagi yana miƙa wa abokin hamayyarsa abin kamawa ne, martani na ƙwarai kuwa ba ya barin masa ko zare. Ga yadda ake ƙera shi.

Mataki na farko: bar shi ya gama, ka nemo tsagar

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara haɗa amsa a zuciyarsa tun mai suka bai kai rabin maganarsa ba. Wanda ya yi haka zai amsa abin da yake zaton za a faɗa, ya bar abin da aka faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a cikin kalmomin mai sukar take. Saboda haka ka saurara har ya dire, kana neman abu biyu: kalmar da duk maganarsa ta jingina a kanta, da abin da ya ɗauka an riga an yarda da shi alhali ba a yarda ba.

Plutarch ya ruwaito cewa Sarki Filib na Makidoniya, mahaifin Iskandar, ya aika wa mutanen Sparta cewa in ya shiga ƙasarsu zai tarwatsa su. Suka mayar masa da kalma ɗaya: “In.” Duk barazanar a kan sharaɗi aka gina ta, sai suka zare sharaɗin suka ajiye masa a gabansa. Kalmomin da suka fi zama tsaga su ne irin “in”, “kullum”, “kowa ya sani”, “dole”, “ba a taɓa ba”. Da zarar ka ji ɗaya daga cikinsu, riƙe ta.

Na gida ma akwai. John Paden, a littafinsa kan Sardauna Ahmadu Bello, ya kawo cewa Nnamdi Azikiwe ya ce masa su manta da bambance-bambancen da ke tsakaninsu. Sardauna ya ce a’a, su dai fahimci bambance-bambancen. Kalma ɗaya ya canja, “manta” ta koma “fahimta”, ya bar sauran jimlar yadda mai ita ya ginata. Shi ya sa ba ta amsuwa: wanda zai musa ta sai ya ce bai son a fahimci juna.

Mataki na biyu: auna ko maganar ta cancanci amsa

Kafin ka buɗe baki, tambayi kanka abu biyu. Wa ke saurare? Kuma tsakaninka da mai sukar nan, wa ya fi ƙarfi a idon masu sauraren? Martani mai kaifi ba don mai suka ake yin sa ba, domin da wuya ya canja ra’ayi a gaban jama’a. Don na ukun ake yi, wanda ke zaune yana auna ku. In babu na uku, ka yi magana cikin natsuwa ko ka yi shiru.

Kaifi yana tafiya sama ne ko gefe, ba ya tafiya ƙasa. A watan Fabrairu 2008, a bikin baje kolin noma na birnin Paris, wani mutum ya ƙi ba Shugaba Nicolas Sarkozy hannu, ya ce kada ya taɓa shi. Sarkozy ya kore shi da kalmar zagi ta ’yan tasha. Kamara ta ɗauka. Kalmar ta bi shi shekaru, masu zanga-zanga suna rubuta ta a kwali suna ɗaga masa. Aka gurfanar da ɗaya daga cikinsu, maganar ta kai Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2013 kotun ta ba mai kwalin gaskiya, a shekarar kuma Faransa ta soke dokar cin mutuncin shugaban ƙasa. Babba da ya sauko ya yi cacar baki da talaka ya riga ya faɗi ko da maganarsa ta fi daɗi. Haka malami da ɗalibi, maigida da yaron shago, hafsa da kurtu.

Mataki na uku: zaɓi ƙirar da ta dace da irin sukar

A nan aikin yake, domin kowace irin suka da maganinta.

In an taɓo aibin da kowa ke gani, kada ka musa. Karɓe shi ka juya shi. A 1984 Shugaban Amurka Ronald Reagan yana da shekara 73, kuma a muhawarar farko da Walter Mondale ya yi ta kame-kame har aka fara cewa tsufa ya kama shi. A ta biyu, ranar 21 ga Oktoba a Kansas City, ɗan jarida ya tambaye shi ko zai iya jure aikin. Reagan ya ce: “Ba zan mayar da shekaru abin kamfe a zaɓen nan ba. Ba zan yi amfani da ƙuruciyar abokin takarata da rashin gogewarsa don ribar siyasa ba.” Mondale mai shekara 56 ne, tsohon mataimakin shugaban ƙasa, shi kansa sai da ya yi dariya. Amsar ta yi aiki biyu lokaci guda: ta mayar da tsufa gogewa, kuma saurin fitowarta ya nuna ƙwaƙwalwar tana nan daram. Sharaɗin wannan ƙira shi ne aibin ya zama ba laifi ba ne, kamar shekaru, gajarta, talaucin asali ko karin harshe. In zargin sata ne ko zalunci, raha sai ta ƙara maka laifi.

In tambayar ce da kanta aka gina a kan gurguwar fahimta, kada ka shiga cikinta. Rushe ginshiƙin. A watan Yuni 1990, wata huɗu da fitowarsa daga kurkukun shekara 27, Nelson Mandela ya zauna gaban jama’a a New York a shirin Ted Koppel. Aka ƙalubalance shi kan yabon da yake wa Yasir Arafat da Gaddafi da Fidel Castro. Da ya tsaya wanke kowannensu, da ya shiga rami. Sai ya ce ɗaya daga kurakuran da wasu masu sharhin siyasa ke yi shi ne zaton cewa maƙiyansu dole su zama maƙiyanmu. Ya ƙara da cewa matsayinsu kan kowace ƙasa yana bin matsayin ƙasar kan gwagwarmayarsu ne, kuma mutanen nan uku sun mara musu baya. Jimla ta farko ta rushe zaton, ta biyu ta kafa ma’auninsa. Kada ka tsaya a rusau kawai, domin wanda ya ce “tambayarka ba daidai ba ce” ya yi shiru, za a ce gudu ya yi.

In ƙarya ake yi kuma kana da hujja a hannu, tsarin shi ne ka fara ɗaure shi da tambayar i ko a’a, sannan ka fito da hujjar. Ranar 25 ga Oktoba 1962, a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, jakadan Amurka Adlai Stevenson ya tambayi na Tarayyar Sobiyet, Valerian Zorin, ko yana musun cewa ƙasarsa ta girke makamai masu linzami a Kyuba. Ya ce masa kada ya jira tafinta, i ko a’a. Zorin ya ce shi ba a kotun Amurka yake ba, za a sami amsa a kan lokaci. Stevenson ya ce a shirye yake ya jira har wutar jahannama ta daskare, sannan ya sa aka shigo da hotunan da jiragen leƙen asiri suka ɗauka aka kafa a zauren. Gani ya kori ji. Lura da jerin: da hotunan ya fara nunawa, da Zorin ya sami damar cewa na jabu ne tun kafin a gan shi yana zillewa. Kuma kada ka taɓa yin tambayar i ko a’a in ba ka riga ka san amsar ba.

In mai dokar barci ne ya ɓige da gyangyaɗi, lamba ɗaya ta fi dogon ƙorafi. A watan Afrilu 2022 a Washington aka tambayi ministan harkokin wajen Indiya, Jaishankar, kan man da ƙasarsa ke saye daga Rasha. Bai musa ba. Ya ce suna saye don bukatarsu, amma in ana maganar sayen makamashi daga Rasha ne a duba Turai, domin yana jin abin da Indiya ke saye a wata bai kai wanda Turai ke saye a yammaci ɗaya ba. Wannan ƙira tana da haɗari. “Ai kai ma ka yi” amsa ce mai rauni, domin amsa laifi ce a fakaice. Ba ta aiki sai ka fara amincewa da naka, sannan tazarar da ke tsakanin naka da nasa ta zama babba, wadda kowa zai iya bincikawa. Lambar da aka gano ta ƙarya ce kuwa, kai za ta kashe.

Ƙira ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma sau ɗaya ake amfani da ita: kiran mutum ya ji kunya. Ranar 9 ga Yuni 1954, a zaman Majalisar Dattawan Amurka da ake nunawa a talabijin, Sanata Joseph McCarthy, wanda ya shekara huɗu yana jefa wa mutane zargin kwaminisanci, ya kawo sunan wani matashin lauya da ba ya cikin shari’ar ya fara ɓata shi. Joseph Welch, lauyan rundunar soja, ya ce masa kada a ƙara yi wa yaron nan kisan mummuƙe, abin da ya yi ya isa, ashe duk ba shi da sauran kunya? A watan Disamba na shekarar majalisar ta tsawata wa McCarthy da ƙuri’a 67 da 22. Abu biyu suka sa ta ci. Jama’a sun ga rashin imanin da idonsu a lokacin, kuma Welch wani yake karewa, ba kansa ba. Wanda ya ce “ba ka jin kunya” don an soki aikinsa kawai, kuka za a ɗauka yake yi.

Mataki na huɗu: sassaƙa jimlar

Ma’auni shi ne numfashi ɗaya. In ba za ka iya faɗinta ba tare da jan numfashi ba, ta yi tsawo. Ka yi ƙoƙari kada ta wuce kalma ashirin. Cire share fage irin su “to, ni dai a ganina”, “a gaskiya”, “ba wai ina cewa ba”. Kalmar da ke ɗauke da dafin ita za ta zo ƙarshe, domin a kanta kunne ke tsayawa.

Ibn Khaldun ya kawo a Muƙaddima cewa wani ya tambayi Sayyidina Ali, Allah Ya yarda da shi, me ya sa mutane suka saɓa a kansa alhali ba su saɓa a kan Abubakar da Umar ba. Ya ce: domin Abubakar da Umar irina suka shugabanta, ni kuwa yau irinka nake shugabanta. Dubi ginin. Ɓangare biyu ne masu tsawo ɗaya, “irina” da “irinka” kaɗai suka bambanta, kuma nauyin ya faɗo a kan mai tambayar ba tare da an zage shi ba.

Wata hanyar ita ce tsani: gajerun jimloli uku na gaskiya da ba mai musu, sannan ta huɗu ta sauka. Ranar 5 ga Oktoba 1988 a Omaha, Dan Quayle mai shekara 41, ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasar Amurka, ya ce gogewarsa a majalisa ta kai ta Kennedy lokacin da ya nemi shugabanci. Abokin karawarsa Lloyd Bentsen ya ce: “Sanata, na yi aiki tare da Jack Kennedy. Na san Jack Kennedy. Jack Kennedy abokina ne. Sanata, kai ba Jack Kennedy ba ne.” Ukun farko su suka saya masa ikon faɗin ta huɗun.

Mataki na biyar: faɗa, sannan ka kama bakinka

Bar daƙiƙa biyu ko uku tsakanin ƙarshen maganarsa da farkon taka. Sauke murya ƙasa da tasa, kada ka ɗaga. Dube shi, kuma ka kira shi da laƙabinsa na girmamawa, domin ladabi na ƙara wa magana kaifi, yana kuma hana a ce ka yi rashin kunya. A muhawarar zaɓen Faransa ta 28 ga Afrilu 1988, Jacques Chirac ya ce wa François Mitterrand a daren nan shi ba firaminista ba ne, Mitterrand kuma ba shugaban ƙasa ba ne, ’yan takara biyu ne daidai wa daida, don haka zai kira shi da sunansa kawai. Mitterrand ya ce: “Gaskiyarka ƙwarai, mai girma firaminista.” Ya yarda da shi da baki, laƙabin kuma ya mayar da shi ƙarƙashinsa.

Bayan ta fita, yi shiru. Kada ka yi wa maganarka dariya, kada ka fassara ta, kada ka maimaita. Yawancin amsoshi masu kyau a nan suke lalacewa, mai su ya ji daɗin tafi ya ƙara jimla biyu, a cikinsu abokin hamayya ya sami abin kamawa. Welch, lokacin da McCarthy ya so ci gaba, cewa ya yi ba zai ƙara tattauna batun ba, ya nemi shugaban zaman ya kira shaida na gaba.

Mataki na shida: tabbatar akwai abin da ke bayan maganar

Ɗabari ya ruwaito cewa Sarkin Rum Niƙfur ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid cewa ya daina biyan harajin da sarauniyar da ya gada take biya. Haruna ya juya takardar ya rubuta a bayanta cewa amsa ita ce abin da zai gani, ba abin da zai ji ba. Ya fita da runduna, a shekarar 806 ya ci birnin Hiraƙla, Niƙfur ya koma biya. A wasiƙar akwai zagi, amma ba shi ya sa aka riƙe ta ba, rundunar ce.

Janar Murtala Muhammad ma haka. Da Shugaban Amurka Gerald Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa kan matsayin da za su ɗauka game da Angola, gwamnatin Najeriya ta fito da ita fili ta yi watsi da ita. Ranar 11 ga Janairu 1976 a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa, Murtala ya ce Afirka ta kawo ƙarfi, ba ta ƙarƙashin wata ƙasa ta waje. Maganar ta yi nauyi ne saboda Najeriya ta riga ta amince da gwamnatin MPLA, ɗaya daga ƙungiyoyin da ke neman mulkin Angola, tun watan Nuwamba, ta kuma ba ta tallafi. Taron ya tashi ƙasa 22 nan, 22 can, amma a watan Fabrairu ƙungiyar ta karɓi gwamnatin.

Ka kuma lissafa kuɗin maganar kafin ka faɗe ta, domin magana zarar bunu ce. Ranar 25 ga Agusta 1958 a Konakiri, jagoran Gini Sékou Touré ya ce a gaban Janar de Gaulle na Faransa sun gwammace talauci cikin ’yanci da arziki cikin bauta. Gini ta kaɗa “a’a” ranar 28 ga Satumba a ƙuri’ar raba gardama kan ci gaba da zama tare da Faransa, ta sami ’yanci ranar 2 ga Oktoba, Faransa kuwa ta kwashe ma’aikatanta ta yanke tallafi. A Nijar Djibo Bakary ya yi kiran a kaɗa “a’a” ɗin nan, ya sha kaye, mulki ya suɓuce masa. Spartawa ma Filib ya shiga ƙasarsu daga baya ya yanke musu yankuna, ko da yake bai ci birnin ba. Bentsen ya kashe bakin Quayle, amma Quayle ne ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

Shirin da ake yi kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Quayle ya sha kwatanta kansa da Kennedy a yawon kamfe, saboda haka Bentsen ya shiga zauren yana jiran maganar. Kafin muhawara, hira da ’yan jarida ko zaman kare kasafi, zauna ka rubuta suka goma mafi zafi da za a iya yi maka, har da waɗanda ba ka son ji. Kowace ka yi mata amsa biyu: ta numfashi ɗaya, da ta minti ɗaya mai ɗauke da hujja. Duk lambar da za ka ambata ka koma ka duba ta a takardar asali. Ka shirya jimla ta biyu, domin mai suka zai iya cewa ka wuce gona da iri. Quayle ya ce maganar ba ta dace ba, Bentsen ya ce masa shi ne ya kawo kwatancen.

Kada ka ari amsar wani. Da yawa daga waɗanda ke yawo da sunan Churchill ba nasa ba ne, har da ta matar da ta ce in da shi mijinta ne, da ta sa masa guba, domin wannan raha tana cikin jaridu tun wajejen 1900 ba da sunansa ba.

Sami wanda ba ya jin nauyinka ya tsaya a matsayin mai sukar, ku ɗauka a waya. Yanke daƙiƙa goma na amsar kaɗai ka saurara, domin haka za ta yi yawo a WhatsApp da Facebook, babu tambayar da ta jawo ta. In a haka ta yi kama da girman kai, sake ta. In masu sauraro ba harshenku ɗaya ba, gwada ta a fassara. Jamusawan Bastogne ba su gane “Nuts!” ba, sai da Kanar Joseph Harper, wanda ya raka su, ya bayyana musu cewa ƙi ne, kuma ma’anarta su tafi wuta.

Ka kuma riƙe mutum ɗaya a kusa wanda zai tuna maka abin da ya fara fita daga bakinka. McAuliffe da ya zauna rubuta amsa cewa ya yi bai san me zai ce musu ba. Laftanar Kanar Harry Kinnard ne ya ce masa kalmar da ya furta lokacin da aka fara gaya masa saƙon, da wuya a sami wadda ta fi ta. McAuliffe ya tambaya me ya ce, aka maimaita masa, ya sa aka buga.